Shekarar da Baba Ya Yi Bankwana Bai Tafi Ba

Baba ya yi shekara talatin da wani abu yana tuƙa kamyo, babbar motar kaya. Siminti yake ɗauka daga Malbaza, wani lokaci albasa, ya kai duk inda aka ce ya kai. Da idonsa ya fara rauni, da kansa ya miƙa wa mai motar makulli, ya dawo gida ya zauna. Bai cika wata shida a zaune ba ya fara maganar Tajaye, garin da aka haife shi, inda yayansa da muke kira Baffa ke riƙe da gonar gado. Ya ce ya gaji da ƙarar kabu-kabu da hayaniyar tasha, noma yake so ya koma kafin ƙarfinsa ya ƙare. Mu ƴaƴansa duk mun yi aure mun watse, ni kaɗai na rage a Konni, ina koyarwa a lakwal ɗin wata unguwa. Saboda haka duk abin da ya faru a shekarar nan a gaban idona ya faru.

Gidan namu yana cikin wani lungu ne, nesa kaɗan da kwalta. Ɗaki huɗu da zaure, da bishiyar dogon yaro a tsakar gida. Baba bai gina shi rana ɗaya ba. Ɗaki ɗaya ya fara yi, a cikinsa aka haifi yayata, sauran kuma suka biyo a hankali, duk lokacin da hanya ta yi kyau. A Tajaye ba shi da wurin da zai sa Inna sai wani tsohon ɗaki da ruwa ya cinye rabinsa, don haka dole sai an sayar da na Konni kafin a ɗora bulo a can.

Da bazara ne ya kira dillali, wani dogon mutum mai sanyin magana da ya daɗe yana wannan sana'a a unguwarmu. Ya zaga gidan, ya leƙa ɗakuna, ya dawo zaure ya zauna.

"Malam, gida ba laifi," in ji shi. "Amma lokacin ne bai yi ba. Damina na bisa hanya, kowa hankalinsa na wajen iri da taki. Da ka bari sai bayan kaka."

Baba ya yi dariya. "Gidan mai faci na bakin kwalta kwana nawa ya yi? Kwana uku aka saye shi."

"Wancan bakin kwalta yake, Malam."

"To nawa a ba shi mako guda. Ni dai shukar bana a Tajaye zan yi ta."

Dillali bai ƙara ja ba. Ya ce Allah ya kawo mai rabo, ya sa takalmansa ya tafi.

Washegari Baba ya fara rabon kaya. Ya ce ba zai cika mota da tarkace ba, kamar wanda bai san hanya ba. Gadon ƙarfensa ya ba wani maƙwabci. Dogon bencin da ke zaure ya sa aka kai masallacin unguwa. Awakin Inna uku ya ɗora su a motar wani tsohon abokin aikinsa aka wuce da su Tajaye. Turmi da babbar randa da tukunyar biki kuwa, ya matsa wa Inna sai da ta ba maƙwabciyarmu ta jikin katanga, wata dattijuwa da mijinta ya rasu tun muna yara, wadda muke kira Gwaggo ko da yake ba mu haɗa jini ba. Inna ta yi ta cewa, "Malam, a bari a ga mai saye tukuna," shi kuwa yana cewa mata ba su san harkar kasuwa ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya miƙe a masallaci ya yi bankwana. Ya nemi gafarar duk wanda ya taɓa ɓata wa, liman ya yi doguwar addu'a, wasu tsofaffi har da share ido. Kwana biyu ana shigowa gidan da tsaraba. Wannan ya kawo hula, wancan goro, mata suka haɗa wa Inna turmin atamfa da sabulu. Ni ma na yi kukana na gama.

Sai aka shiga jira.

Makon farko, kullum da hantsi Baba zai yi wanka, ya sa babbar rigarsa mai ruwan toka, ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya ajiye salula a gefen gwiwarsa. Duk wanda ya gitta ta lungun sai ya gyara zama. Ba wanda ya tsaya sai masu tallar ruwa da masu tambayar hanya. Mako na biyu ya wuce haka. A na uku, na biyo daga lakwal in gaishe su, ya ce da ni, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "fita waje ki kira ni. Ina jin wannan abin ya lalace."

Na fita ƙofar gida na kira. Salula ta yi ƙara garau. Ya dube ta kamar ta ci amanarsa, ya ce, "To, lafiyarta lau."

Abin da ya fi damunsa kunya ce. Mutumin da aka yi wa addu'ar tafiya, aka ba shi hula, ga shi kullum ana ganinsa a unguwa. Sai ya daina zuwa masallacinmu. Ya riƙa zagayawa ta bayan gari zuwa wani masallaci mai nisa inda ba a san shi sosai ba, da wannan zafin rana, da idonsa da ba ya gani da kyau. A cikin gida kuma shi da Inna bisa tabarma suke kwana, shi da ciwon bayansa na tsofaffin direbobi. Inna in za ta yi daka sai ta leƙa ta katanga ta ce, "Gwaggon yara, ara mini turmi." Turmin da ta yi shekara ashirin tana daka a ciki.

Gwaggo ce ta warware wannan. Wata safiya ta shigo tana mirgino turmin da kanta, tana haki, ta jingine shi a gindin dogon yaro inda yake zama tun asali. Ta ɗaga murya yadda Baba zai ji daga zaure.

"Ni ɗakina ya cika, ba ni da wurin sa shi. Ki ajiye mini a nan, in kun tashi tafiya na ɗauka."

Inna ta gane, ta ce to, za ta ajiye mata. Da rana randa ta biyo, ita ma ajiya. Ban san yadda maganar ta zaga unguwa ba, amma bayan kwana biyu mai gado ya zo da gadon a baro, ya ce ɗakin da ya so sa shi yana yoyo, a taimaka a riƙe masa kafin ya gyara. Ana cikin bazara, ko ɗigo bai sauka ba. Baba ya dube shi, ya dubi sama, ya ce, "A shigo da shi."

Na ƙarshe benci ne. Tsofaffin masallaci huɗu suka ɗauko shi suka dasa a ƙofar gidanmu, suka ce a can rana ke dukansa, nan ya fi inuwa. Suka zauna a kai suka fara hira kamar ba abin da ya faru. Da aka kira la'asar suka miƙe, ɗayansu ya ce, "Tashi mu je, direba, kada ka sa mu makara." Haka Baba ya koma masallacinsa, ba wanda ya ce masa uffan a kan bankwana. Sai daga baya, da abin ya yi sanyi, suka riƙa tsokanarsa da "baƙon Tajaye", shi ma yana dariya.

Ruwa ya sauka. Baffa ya kira ya ce ƙasa ta jiƙa, yana jiran ƙanensa. Baba ya ce a shuka masa gefensa, yana nan tafe. Ran nan bai ci tuwon kirki ba. Inna kuwa ta ɗauki fartanya ta tona gefen katanga ta zuba irin kuɓewa da yakuwa.

"Wahalar banza kike," in ji Baba. "Wani zai ci."

"In ya ci ma sadaka ce," ta ce.

Mu muka ci kuɓewar nan. Har ta yanka ta shanya ta bushe, muka ci busasshiyar ma.

Sai da aka kusa wata uku sannan dillali ya kawo mutum na farko. Baba ya rasa inda zai sa kansa don murna, ya sa aka dama fura. Mutumin bai ko zauna ba. Ya auna faɗin lungun da taku, ya tambaya ko mota za ta iya shigowa, aka ce sai dai ƙarama, ya ce zai yi shawara. Ba mu sake ganinsa ba. Bayansa wani matashin ma'aikaci ya zo da matarsa, ita ta leƙa makewayi da madafa ta fito tana gyara mayafi, ta ce wa mijin wani abu da Faransanci a hankali, ba ta san na ji ba. Cewa ta yi gidan tsofaffi ne. Ban fassara wa Baba ba. Da damina ta yi nisa aka sami wasu biyu ko uku, kowa ya duba ya ce zai dawo.

A nan na gane kallo daban, tayi daban. Mutum zai zo ya buɗe kowace ƙofa, ya ƙwanƙwasa bango, ya sha furarka, ya tafi bai furta ko kalma ɗaya a kan kuɗi ba. Baba ma yana da nasa laifin. Duk wanda ya shigo sai ya ba shi tarihin kowane ɗaki: wannan an yi shi shekarar da ya yi jigilar albasa har bakin teku, wancan ginshiƙin shi da kansa ya kwaɓa simintinsa, a nan aka yi sunan wance. Mutum na son ya ga rufi, Baba na riƙe da hannunsa yana ba shi labarin wata taya da ta fashe masa a hanya. Rannan dillali ya ja shi gefe ya ce, "Malam, don Allah in na kawo mutum ka bar ni da shi. Gida suka zo saye." Baba ya yi alkawari. Da na gaba ya zo, Baba ya daure har aka kai ɗaki na biyu, sannan ya ce, "Bari dai in gaya maka abu guda."

Tayin farko ya zo bayan an yi girbi, wata na bakwai ke nan. Wani ɗan kasuwa ne, ya ce ba ɗakunan yake so ba, filin yake so, zai rushe ya yi wurin ajiyar kaya. Abin da ya taya bai kai rabin abin da Baba ya sa a ransa ba. Ina tsakar gida ina taya Inna tsince wake, muka ji Baba ya ce "Albarka" da ƙarfi, har sau biyu. Muka yi tsammanin zai shigo yana faɗa. Sai ga shi ya shigo fuska a sake, yana gyara hula.

"An taya!" ya ce. "Kun ji? An taya gidan."

"Ka sallama?" in ji Inna.

"Allah ya kiyaye. Wai rushewa zai yi, marar kunya. Amma dai an taya."

Har tsire ya aika aka sayo mana ranar.

Murnar ba ta daɗe ba. Bayan kamar mako biyu, na same shi shi kaɗai a kan benci, tsofaffin ba su fito ba tukuna. Na gaishe shi na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Sai ya ce, "Uwata, ke kin yi karatu. Gaya mini gaskiya. Gidan nan mummuna ne?"

Na ce masa gidan ba mummuna ba ne, ginin ma ya fi na yanzu ƙwari, amma lungun ya matse, masu kuɗin yanzu kuma mota suke da ita, matansu na son tayil da famfo a cikin ɗaki. Na ce kuma kuɗin da ya sa, ya haɗa da wahalar da ya sha, mai saye kuwa bai ga wahalar ba. Na ji tsoron zai yi fushi. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Dillali ma haka ya ce, amma shi da zagaye-zagaye." A makon ya rage kuɗin kaɗan, ya sa aka shafe bango da farar ƙasa, aka gyara ƙofar makewayi.

Duk da haka ba ta hannun dillali mai sayen ya fito ba.

Akwai wata Bafillatana da ke kawo wa Inna nono da man shanu duk ranar kasuwa, tun ina ƴar lakwal. Rugarsu na can wajen Tsarnawa. In ta gama zagayenta a gidanmu take sauke ƙwarya, ta yi salla, ta ɗan miƙe ƙafa a inuwa kafin ta kama hanya. Ita da Inna ƙawa suke kiran juna. Duk abin nan da ake yi tana gani: ta ga an kwashe kaya, ta ga sun dawo, ta ga masu kallo suna shiga suna fita. Ba ta taɓa cewa komai ba sai "Allah ya kawo mai alheri."

Wata ranar kasuwa cikin sanyi, wata na tara, ta gama shan ruwa ta ajiye moɗa ta ce, "Ƙawa, gidan nan har yanzu yana nan?"

"Yana nan, ƙawa."

"Babban ɗana yana son gida cikin gari. Ƴaƴansa sun isa lakwal, ni kuma ƙafafun nan sun fara ƙin tafiya. Tun da ruwa ya sauka na gaya masa, na ce ga gida mai inuwa, ga mutanen kirki kewaye da shi."

Inna ta saki baki. "Tun da ruwa ya sauka? Kina kallon Malam yana ramewa ba ki ce komai ba?"

"To mi zan ce? Shanun da zai sayar ba su yi ƙiba ba a lokacin. In na yi magana na sa muku rai, abin bai yiwu ba, da wane ido zan shigo in sha ruwa?"

Inna ta ce ranar ba ta san ko ta rungume ta ko ta make ta da ludayi ba.

Ɗan nata ya zo mako na gaba, mutum mai kimanin shekara arba'in, siriri, da sanda a kafaɗa, dillancin shanu yake yi a kasuwanni. Ya durƙusa ya gaida Baba. Bai auna lungu ba, bai damu da mota ba. Ya tambayi ruwa, ya tambayi inda ruwan sama ke bi ya fita, ya tsaya a kusurwar bayan gida ya ce nan saniya ɗaya za ta iya tsayawa. Baba ya fara tarihin ɗakuna, na ce a raina shi ke nan, wannan ma ya tafi. Sai mutumin ya jingine sandarsa ya zauna, ya saurara har ƙarshe, har yana tambayar yadda aka yi da tayar da ta fashe. Ya tafi bai taya ba. Ya dawo da kawunsa, suka sake dubawa, suka tafi ba su taya ba. Ya dawo da matarsa. Baba ya fara cewa ko shi ma ɗan kallo ne, Inna ta ce ya yi haƙuri, mutanen nan ko ɗan maraƙi ba sa saye a zuwa ɗaya.

A zuwa na huɗu ya taya. Bai kai abin da Baba ya nema ba, amma ba da nisa ba. Baba ya aika aka kira dillali, ya ce ko da ba shi ya kawo mutumin ba, ya yi wata goma yana sintiri, a gabansa za a yi, kuma la'adarsa na nan. Aka ɗan ja, mai saye ya ƙara, dillali ya dubi Baba. Baba ya ce a ba shi minti kaɗan. Ya shigo cikin gida ya tsaya a bakin madafa.

"Sun kai inda za su kai," ya ce wa Inna. "In sallama?"

Ban taɓa jin ya tambaye ta shawara a kan gidan nan ba sai ranar. Inna, wadda ta yi wata da watanni tana cewa ita ta gaji, a sayar kowa ya huta, sai ta juya baya tana gyara itacen murhu da ba ya bukatar gyara. Ta share ido da bakin zane ta ce hayaƙi ne. Sannan ta ce, "Sallama, Malam. Mutanen kirki ne."

Ya koma zaure, muka ji ya ce, "Na sallama. Allah ya sa albarka." Aka yi fatiha.

Takardu suka ci wata guda, yau a je buro, wato ofis, a ce mai sa hannu ya fita, gobe a ce a kawo shaidu. Wata goma sha ɗaya cif daga ranar da dillali ya fara shigowa, aka ɗora kaya a mota. Masu ajiya suka zo kowa ya ɗauki nasa, ban da Gwaggo da ta rantse turmi sai ya bi Inna. Na raka su har Tajaye. Awakin nan uku mun tarar sun zama bakwai.

Sun zauna a gidan Baffa kafin aka gama musu ɗaki biyu da rumfa. Noman ya ba Baba wuya a shekarar farko, hannunsa ya yi ƙanta, Baffa yana yi masa dariya yana cewa gona ba sitiyari ba ce. Amma ya samu gero da wake daidai gwargwado, ya aiko mini da buhu guda da saƙon cewa da hannunsa ya noma, wanda Inna ta ce rabin gaskiya ne.

Bayan shekara biyu na haihu, suka zo suna. Mai gidan na yanzu ya ji labari, ya zo da kansa ya ce Baba ba zai sauka ko'ina ba sai wurinsa. Aka gyara masa ɗakin gabas, wanda Baba ya fara ginawa. Da safe na aika a kai masa kunu, ɗan aiken ya dawo ya ce Baba na kirana. Ranar suna ce, gida cike da mata, amma na saci jiki na je. Na same shi tsaye a tsakiyar ɗakin, hannu a ƙugu. Sun fasa bangon gabas sun sa taga, haske ya cika ɗakin, iska na shigowa har tana kaɗa labule.

"Uwata, dubi nan," ya ce. "Shekara talatin ina kwana cikin zafi a ɗakin nan. Mi ya hana ni yin wannan?"

Ya sa aka kawo masa igiya ya auna tsawon tagar da faɗinta, ya ƙulla alama, ya cusa igiyar a aljihu, ya ce da ya koma Tajaye zai nemi magini.